Haramcin Ƙauyawa Day: Ina Ya Tsaya, Kuma Me Ya Shafi Mutanen Karkara?

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta sanar da haramta shagalin bikin aure da ake kira Ƙauyawa Day, wanda ake yin shigar mutanen ƙauye a cikinsa, a faɗin jihar. Ta dogara ne da gyaran da aka yi wa dokarta, wanda ya faɗaɗa ikonta har ya kai ga gidajen biki da masu kiɗan DJ. A cikin birni kowa ya san abin da ake nufi. A karkara kuwa labarin ya iso ne a gutsure, ta rediyo da WhatsApp da bakin 'yan kasuwa, sai ya zama kowa da fassararsa. Wani ya ji an ce an hana kiɗa a biki ɗungurungum. Wata ta ji an ce ko kiɗan ƙwarya matan aure suka yi a cikin gida za a zo a kama. Mutumin Kazaure ko Ɓaɓura a jihar Jigawa da zai kai amarya Dambatta ta jihar Kano yana tambaya ko dokar ta hau kansa. Akwai ma wanda sunan ne kawai ya tsaya masa a rai: ƙauyawan dai mu ne, to ranarmu aka hana ko me?

Ruɗanin bai rasa dalili ba. An hana abu ne da sunansa, alhali sunan sabo ne, abubuwan da ke cikinsa kuwa wasu sun girmi kakannin masu yin sa. Kafin a gane inda hanin ya tsaya sai an kwance ƙullin an ga me da me ke ciki.

Abin da ke ƙunshe cikin sunan

Sunan rabinsa Hausa ne rabinsa Turanci, wannan kaɗai ya nuna inda aka yanke masa cibiya. Shagalin 'yan birni ne. Ya samo asali daga ranakun da aka riƙa ƙara wa bikin aure a manyan garuruwa: bayan kamu da sa lalle da yini, sai aka shigo da dina, da daren shigar Larabawa, da ranar shigar Fulani, kowace rana da irin tufafinta da abincinta. A ranar ƙauyawa amarya da ƙawayenta kan yi ɗaurin ƙirji ko su sa riga da zane na tsohuwar atamfa, su ɗiɗɗige fuska da kwalli, su lafta jan-baki har ya wuce leɓe, su ɗora ƙwarya a ka. Samari kuma 'yar shara da ɗangalallen wando da hular da ta sha jiki, wani ya rataya gora, wani ya saɓa fartanya. A shimfiɗa tabarmi maimakon kujeru, a kawo dambu da kwaɗon zogale da rogo da ƙuli da fura da nono. Wanda ya iya, ya karya harshe ya riƙa magana yadda yake zaton mutanen ƙauye na yi.

Wannan ita ce fuska ta farko, shigar kwaikwayo: mutum ya sa kayan da ba nasa ba ya zama wani na ɗan lokaci, kowa kuma ya san wasa ne. Fuska ta biyu ita ce taron kansa. Da farko a tsakar gida ake yi ko a gidan biki, mata zalla ko kuma da 'yan gayyata. Daga baya ya fito titi, aka kafa manyan lasifika, aka daina tambayar wa ya gayyaci wa. Fuska ta uku ita ce abin da kan biyo bayan taron da ba shi da ƙofa: cuɗanyar maza da mata, rawar da iyaye ba za su iya tsayawa kallo ba, maza cikin kayan mata, tare hanya, ƙwacen waya, wani lokaci har faɗan daba. Galibin koke-koken da suka kai ga hanin a kan wannan ta ukun suke. Amma sanarwar sunan ta kama baki ɗaya, shi ya sa mai fuska ta farko kaɗai ma ya shiga zullumi.

Shigar kwaikwayo ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa

Duk wanda ya tashi a Bichi ko Gaya ko Ringim ya san tashe. Daga goma ga watan azumi yara kan liƙa gemun auduga su tokara sanda su zama tsoho, wani ya rataya layu da ƙullin saiwoyi ya zama mai magani, a bi gida-gida ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. A birnin Kano har sarauta wasan ke da ita, ta Nalako mai farautar gwagware. Bayan kaka kuma akwai kalankuwa, inda samarin gari kan naɗa sarkinsu da alƙali da dogarai, su yi zaman fada na wasa, a yi shari'a a ci tara, a kwana ana kiɗa, garuruwan maƙwabta su zo kallo. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, wanda matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa, su fito da halin kowa a fili cikin raha.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wasanni yana da lokaci, yana da wuri, yana da mai shi. Tashe ba ya wuce azumi. Kalankuwa sai rumbu ya cika. Dandali sananne ne, kuma akwai sarkin samari da za a kira idan an yi ɓarna, shi kuma idon mai unguwa da dagaci na kansa. Yaron da ya yi rashin kunya a dandali, kafin ya isa gida labarin ya riga shi.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba, wato wa ke kwaikwayon wa. A kalankuwa talaka ne ke naɗa rawanin sarki. A gauta mata ne ke kwaikwayon masu mulki. A tashe yaro ne ke tsokanar babba. Wasan daga ƙasa yake tasowa ya nufi sama, na saman kuma ya daure tunda ya san na kwana kaɗan ne. Ko barkwancin da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari, ko taubasai, ba-ni-in-ba-ka ne: ka faɗa mini, in rama. Ƙauyawa Day ya juya wannan tsari. Mai takalmi ne ke kwaikwayon mai faso, wanda ake kwaikwaya kuwa ba ya wurin balle ya rama. A bakin 'yan birni kalmar baƙauye ko bagidaje zagi ce, kuma fina-finan barkwanci sun daɗe suna cin abinci da mutumin karkara da ya shigo gari ya rikice. Shi ya sa wasu dattawan karkara ba su ji zafin hanin ba ko kaɗan, tun ma kafin a zo maganar addini.

Hawan sallah daban yake, ko da yake baƙo zai iya ɗaukarsa dangin waɗannan. Sulke da lifidi da kwalkwali kayan yaƙin da ne, amma masu sa su ba wasa suke ba, hakimai ne na gaske ke kai gaisuwa ga sarki na gaske. A watan Disambar 2024 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalawa. Duk da haka shi ma bai tsira ba. 'Yan sanda sun hana hawan babbar sallah ta 2024 da na ƙaramar sallah ta 2025 bisa dalilin tsaro, a tsakiyar rikicin masarauta, kamar yadda suka sha dakatar da tashe da kilisa saboda 'yan daba. Ke nan hanin Ƙauyawa Day bai zo shi kaɗai ba, ya tarar da tarukan nishaɗi na fili suna raguwa ɗaya bayan ɗaya.

Yadda irin wannan taro yake a wasu ƙasashe

Sha'awar sa kayan wani zamani ko na wani gwarzo ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A 1963 wata malamar makaranta a Kalifoniya ta Amurka, Phyllis Patterson, da mijinta Ron suka shirya wata kasuwa ta wasa da ke kwaikwayon ƙauyen Ingila na ƙarni na 16, domin tara wa wani gidan rediyo kuɗi. Mutane suka zo cikin shigar manoma da maƙera da 'yan kasuwar wancan zamani, suna karya harshe irin na Turancin da. Daga nan irin waɗannan bukukuwa suka bazu a Amurka, wasu ana shafe makonni ana yi duk Asabar da Lahadi, da mahaya cikin sulke suna karawa da mashi, da masu sana'ar hannu suna baje kayansu. In an cire sunan, Ƙauyawa Day ne na Turawa: ɗan birni ya biya kuɗi don ya yini a ƙauyen da ya ƙaga a ransa. Masana tarihi ma sun sha yi musu irin ƙorafin da ake yi a nan, cewa ƙauyen nasu ba yunwa ba annoba, kwalliya ce zalla. Inda suka bambanta shi ne manoman da Turawan ke kwaikwaya sun shekara ɗari huɗu a ƙasa. Na Kano kuwa suna nan da ransu, tafiyar rabin awa daga ganuwa, kuma suna kallon bidiyon a wayoyinsu.

Wani reshen kuma shi ne na masoya littattafan labarin zane, waɗanda ake ba da labari a cikinsu da hotuna jere cikin akwatuna. Taron San Diyego da ake kira Comic-Con ya fara ne a 1970 da mutum kusan 300 a ɗakin ƙasa na wani otal, yanzu yana tara sama da mutum 130,000 a shekara. A Tokiyo, taron da ake kira Comiket ya fara a 1975 da mahalarta kusan 700, ya zama kasuwar da masu zane 'yan sa-kai ke sayar da littattafan da suka buga da kansu, kafin annobar korona yakan tara sama da rabin miliyan. A irin waɗannan taruka ne shigar kwaikwayon taurarin littattafai da fina-finai ta zama sana'a, da teloli da masu gasa da alƙalan gasa. Legas ma tana da nata tun 2012.

Waɗannan taruka ba su rasa matsala ba. An yi ta kokawa da masu taɓa mata ko ɗaukarsu hoto ba izini, har a 2014 taron Niyu Yok ya kakkafa alluna masu gargaɗin cewa shigar da mutum ya yi ba izinin taɓa shi ba ce, wanda ya karya kuwa a fitar da shi. A 2017 'yan sanda suka kama wani da bindigogi na gaske a taron birnin Finiks na jihar Arizona. Washegari aka ci gaba da taro, amma aka hana shiga da makaman wasa, aka tsananta bincike a ƙofa. Abin dubawa shi ne inda hukuncin ke sauka. Akwai katanga, akwai tikiti, akwai kamfani ko ƙungiya da ta yi hayar wurin ta sa hannu, akwai ƙa'idoji a rubuce. Idan abu ya ɓaci hukuma ta san wuyan wanda za ta riƙe, saboda haka ba ta buƙatar kashe taron gaba ɗaya.

Ba sai an je Amurka ba ma. Gidan kallon ƙwallo na ƙauye, rumfar zana ko langa-langa da bencina, yana tara magoya bayan Arsenal da Chelsea, ko Madrid da Barcelona, waɗanda musunsu kan kai ga cin kwala. Amma mai gidan na zaune a ƙofa yana karɓar kuɗi, ya san ɗan wane ne ya shiga, in rigima ta tashi ya kashe janareta kowa ya watse. Gidan dambe ya fi kowane wuri zafin jini, ga Kudu ga Arewa ga Guramada, amma akwai fage, akwai masu rabo, akwai shugabanni. Aikin da tikiti da katanga ke yi a can, shi mai gidan kallo da sarkin samari ke yi a nan. Ƙauyawa Day na titi ya faɗo ne a tsakiya: ya bar tsarin gargajiya bai shiga na zamani ba, ya zama taron da ba mai shi.

Me ya sa ya yaɗu har ya dawo ƙauye

Kuɗi na gaba. Dina tana buƙatar hayar zaure da ado da anko da abincin saye. Ƙauyawa Day kuwa tsohon zanen kaka ya wadatar, rogo da ƙuli ba su karya aljihu, fili kuma na Allah ne. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da tsadar rayuwar da ta biyo baya, shagali mai arha ya ƙara farin jini wurin waɗanda ba za su iya na masu hali ba. Wannan ya ɗan sauya hoton mai takalmi da mai faso, domin waɗanda suka fi yin sa a titi ba su ne 'ya'yan masu kuɗin da suka ƙirƙiro shi ba.

Sai waya. Shigar ƙauyawa abin ɗauka ce, ga launi ga ban dariya ga rawa. Gajeren bidiyo a TikTok ya fi katin gayyata nisa, kuma kowane biki na son ya zarce wanda aka gani jiya. Abin da ake yi domin dangi ya koma ana yi domin masu kallon da ba a sani ba, su kuwa abin da ya fi wuce gona da iri shi suka fi turawa.

Sai kuma sauyin makaɗi, wanda ba a cika ba shi muhimmancin da ya kamata ba. Mai kalangu ɗan gari ne. Ya san uban amarya, ya san waƙar da ba a yi a gaban surukai, kuma gobe zai haɗu da liman a kasuwa. Sautin kalangunsa ma iyakarsa unguwa. DJ kan zo ne daga wani gari da janareta da lasifikan da ake ji har a rugagen da ke bayan gari, kuma sautin shi ne gayyatar: duk mai babur da ya ji zai biyo. Mai biki ya shirya wa dangi da maƙwabta, ya wayi dare da fuskokin da bai taɓa gani ba.

Ta haka abin ya zagayo. 'Yan ci-rani da ɗalibai da 'yan uwan da ke aure a birni suka kawo shi gida, sai ga 'yan matan ƙauye suna shigar ƙauyawa, wato suna kwaikwayon 'yan birnin da ke kwaikwayonsu. Abin bai kai yadda ake mamakinsa ba. Budurwar karkara ta yau hijabi take sawa da atamfa ɗinkin zamani, ɗaurin ƙirji da ɗigon kwalli a wurinta ma kayan kakarta ne. Ƙauyen da ake kwaikwaya ya riga ya wuce ko a ƙauyen.

Hujjojin ɓangarori

Masu goyon bayan hanin, galibi malamai da iyaye da shugabannin unguwa, suna kafa hujja da hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari, wanda ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza, da kuma aya ta 11 ta Suratul Hujurat da ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili. Suna kuma dogara da ƙa'idar toshe kafar ɓarna, wadda mazhabar Malikiyya ta shahara da ita: abin da asalinsa halal ne, idan ya zama galibi hanyar haram ce, ana iya hana shi. Suna da hujja ta zahiri ma. Babu hukumar da ke da ma'aikatan da za su tsaya a kowane biki su tantance wace rawa ce ta wuce iyaka, amma hani da suna kowa na gane shi, kuma yana ba uba abin da zai kare kansa da shi idan 'ya'ya suka matsa: ba ni na hana ba, hukuma ce.

Masu suka ba murya ɗaya suke da ita ba. Akwai masu cewa asalin al'ada halal ce sai an samu dalilin hani, kuma Musulunci ya so a bayyana aure, ya yarda da buga mandiri da waƙar mata a biki, don haka a hukunta ɓarnar a bar bikin. Suna ƙarawa da cewa tare hanya da ɗaukar makami da ƙwacen waya duk laifuffuka ne tun da can, matsalar aiwatarwa ce. Akwai masu kallon abin ta fuskar mai hali da mara hali: mai gida da katanga da maigadi zai yi nasa a ciki ba wanda ya sani, wanda ba shi da fili sai ƙofar gida shi za a gani. Akwai kuma masu cewa wannan ita ce rana ɗaya da ɗan birni ke ganin akushi da faifai da ludayin duma a hannun sa'arsa. A kan wannan masu goyon baya kan amsa cewa abin da ake nunawa ba al'ada ba ce, muzanta al'ada ne, domin babu kakar da ta taɓa shafa jan-baki har kunci.

Abin sha'awa, ɓangarorin biyu duk suna kawo misali ɗaya, ranar al'adu da makarantu ke yi. Masu suka na cewa ga shi nan ana shigar gargajiya ba a samun matsala. Masu goyon baya na cewa ai saboda da rana ake yi, cikin katanga, gaban malamai.

Abin da doka ta ce, da iyakarta

An kafa hukumar tace fina-finai ne a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, kuma asalin aikinta fina-finai ne da littattafai da gidajen kallo. Hisbah kuma ta samu dokarta a 2003. Babban makamin hukumar tacewa lasisi ne, tana ba mai sana'a, tana kuma iya dakatarwa ko ƙwacewa. Mai gidan biki da DJ su ne ke cikin wannan layi kai tsaye. Uban amarya ba ya riƙe da lasisin kowa. A ƙauyen da babu gidan biki, hanin zai bi ne ta kan mai kiɗa da kayansa, ko ta hannun Hisbah da 'yan sanda da 'yan sintiri da mai unguwa.

Abin da aka sanar da haramtawa shi ne Ƙauyawa Day. Kamu da sa lalle da gaɗa da kiɗan ƙwarya da kalankuwa sunaye ne daban na abubuwa daban, kuma duk sun daɗe kafin a san da shi. Sai dai a aikace, wanda ya zo da dare ya tarar da lasifika da cunkoso ba sunan zai tambaya ba.

Ta fuskar tsarin mulki, sashe na 40 na kundin 1999 ya ba kowa 'yancin taruwa cikin lumana, sashe na 45 kuma ya ba da damar taƙaita shi ta hanyar doka domin tsaro, ko zaman lafiya, ko tarbiyyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Sufeto Janar na 'yan sanda da jam'iyyar ANPP, ta yanke cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin taro. Taron siyasa ne ake magana a wancan lokaci, kuma hukuncin bai cire wa jami'an tsaro ikon tarwatsa taron da ya rikiɗe zuwa tarzoma ba. Masu suka na riƙe da sashe na 40, masu goyon baya na riƙe da na 45.

Maganar Jigawa kuwa a fili take. Tun 1991 jiha ce mai zaman kanta, da ƙananan hukumomi 27, kuma ikon hukumar Kano ya tsaya ne a ƙananan hukumomin Kano 44. Inda aka yi taron shi ne abin dubawa, ba asalin mai biki ba. Bakazauren da ya yi shagali a Dambatta yana ƙarƙashin dokar Kano, Bakanon da ya yi a Kazaure yana ƙarƙashin ta Jigawa. Wannan ba ya nufin can sake ne, domin Jigawa na da tata Hisbar, kuma a garuruwa da dama na jihohin biyu dattawa da limamai kan zauna su gindaya wa bikin aure sharuɗɗa tun ba a ji ta bakin gwamnati ba.

Wa abin zai fi taɓawa a karkara

Na farko ƙaramin DJ, wanda sau da yawa da bashi ko kuɗin gona ya haɗa lasifika da janareta. Kama kayansa na dare ɗaya na iya cinye jarinsa. Abin da ake tsammani daga mai irin wannan sana'a shi ne ya ƙara kuɗi saboda kasada, ko ya nemi a biya shi tun kafin ya kunna, ko ya fi karɓar aiki a tsallaken iyaka idan garinsu na kusa da ita. Mai kalangu da mai kotso, waɗanda lasifika ta kore daga bukukuwa, suna iya samun 'yar kafa su dawo.

Akwai kuma masu asarar da ba sa ko halartar bikin. Faifai da tabarmar kaba da ƙwarya mai zane da saƙi, yawancinsu hannun mutanen karkara ne ke yin su kafin su isa kasuwar Kurmi. Minjibir ta shahara da saƙa, Kura da rini. Roba da leda sun riga sun kashe wa waɗannan kaya kasuwar yau da kullum, shagulgulan shigar gargajiya na cikin 'yan hanyoyin da suka rage musu. Wanda ake yi wa dariya a bikin, wani lokaci shi ke sayar da kayan dariyar.

Mata su ne ke tsaka mai wuya. Matar aure a karkara ba ta da gidan kallo ba ta da majalisa, biki da suna su ne taronta. Shagalin mata zalla a cikin gida shi ya fi nisa da abin da aka yi kuka a kai, amma shi ya fi saurin mutuwa idan tsoro ya shiga, domin mai gida zai gwammace ya ce a bar komai da ya tsaya bayani a gaban hukuma. Samari kuwa ba su rasa inda za su ba. Idan aka hana a ƙofar gida, taron na iya komawa bayan gari, inda babu fitila babu dattijo.

Sauya suna ma abu ne mai sauƙi, a ce ranar al'ada ko ranar gargajiya, shigar na nan kiɗan na nan. Daga nan hukunci ya koma hannun wanda ke wurin, ya ga dama ya kira shi wannan ko wancan. A ƙaramin gari da kowa ya san jam'iyyar kowa da rigimar gonar kowa, irin wannan dama kan buɗe ƙofar son kai: a kau da kai ga bikin gidan wane, a dira a na gidan wane.

Inda za a fi ganin wannan shi ne bayan kaka, lokacin da hatsi ya shigo, kuɗi ya ɗan zauna a hannu, bukukuwa suka taru a 'yan makonni. A garuruwan da har yanzu ake kalankuwa, samarin yau ba lallai su tsaya kan kalangu ba, suna iya ɗauko DJ, su gayyaci abokai ta WhatsApp, su sa kayan kakanninsu su naɗa sarkinsu. Wanda za a fara tambaya ko wannan kalankuwa ce ko Ƙauyawa Day shi ne dagaci, kuma amsar da zai bayar za ta dogara ne kan ko akwai sarkin samarin da zai iya tsayawa a gabansa ya ce shi ke da taron.